Motar Da Ta Kai Pokuaa Ɗaki

Ranar da Pokuaa ta fara ganin Oteng, ƙafafunsa kawai ta gani, sai kuma jini.

Ta shigo Magazin, unguwar makanikai, da a-kori-kurar mahaifinta, kuloci yana ta ƙauri tun daga hanyar Offinso. Mu kuwa mutanen Magazin ta Kumasi ba mu iya cewa ba mu sani ba. Ta tambayi rumfar mai gyaran kuloci, wannan ya nuna mata gabas, wancan ya rantse yamma ce. Da haka ta tsinci kanta a rumfar da ba ita take nema ba.

Wata a-kori-kura ce ɗage a kan jak, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, wani jan ruwa yana gangarowa yana taruwa a ƙasa. Pokuaa ba ta tsaya neman kowa ba. Ta cafki idon sawun mutumin ta fizgo shi waje, ta cire ɗankwalinta ta hau naɗe masa hannu.

"Kar ka motsa. Ina ne ya yanke ka?"

Oteng yana kwance, sifana a ɗaya hannun, ya zuba mata ido. Ni dai ban yarda cewa mamaki ne kaɗai ya sa shi wannan kallo ba.

"'Yar'uwa," ya ce a hankali, "mai ne."

Rumfa ta ɗauki dariya. Shi kaɗai ne bai yi ba. Ya tashi zaune ya nuna mata yatsansa, ya ce man giyabos ɗin otomatik haka yake, ja kamar zoɓo, in dai giyabos ɗin yana da lafiya. Ranar da ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, ranar ce ake tausaya wa mai mota. Pokuaa ta ji kamar ta nutse don kunya, sai ta mayar da abin faɗa, ta ce ya ba ta ɗankwalinta. Ya ce ai ya ɓaci, sai ya wanke. Ta ce ya riƙe, ba ta so. Ya ce to ko ba ta so, ina zai kai mata?

Shi ya raka ta har rumfar mai kuloci, ɗankwalin yana ɗaure a hannunsa. Kafin a gama gyara, lambarta tana cikin wayarsa.

Da yamma saƙo ya shigo mata: "Likita, majinyacinki ya farfaɗo. Amma tun da kika tafi bugun zuciyarsa ya ƙi daidaita. Yaushe za a dawo duba shi?"

Ta yi murmushi ita kaɗai, ta rubuta: "Majinyaci ya sha jan mansa cokali biyu ya kwanta. Likita tana da agada da za ta kai kasuwa."

Daga nan sunaye suka zauna. Shi Majinyaci, ita Likita.

Duk ranar da ta sauke agada da rogo a kasuwa, sai motar ta samu wani ƙaramin ciwo da dole a biya Magazin. Yau wata ƙara take ji, gobe fitila ce. Oteng makanikin otomatik ne, ba ya taɓa motar manuwal irin tata, kowa ya sani, amma zai zagaya ta da fuskar manyan likitoci, ya ce lallai sai an sa mata ido. Sai su zauna a kan tsohuwar taya su ci dafaffiyar agada da miyar ganye a kwano ɗaya, yana ture mata ƙwan da ke ciki, tana turo masa.

A nan ta ba shi labarin motar. Sunanta Aberewa, wato tsohuwa, kuma ta girmi Pokuaa. Mahaifinta, Agya Boadu, da ita ya yi ta jigilar koko da agada har ya yi furfura. Bara waccan ciwo ya kwantar da shi. Ya tashi, bakinsa ya dawo, hannuwansa suka dawo, amma ƙafar hagu ta ƙi. Yana jan ta da sanda, ba ta iya taka kuloci. Shi ya sa tuƙi ya dawo hannun 'yarsa.

"Kullum da safe sai ya shiga ya zauna a mazaunin direba," in ji ta. "Ba ya tayar da ita. Ya riƙe sitiyari kawai. In na fito sai ya ce madubi yake gyara mini."

Oteng ya ajiye lomar da ke hannunsa. Maganar ta zauna masa a rai.

Da ya ga abin nasu ya wuce wasa, sai ya wanke farcensa da kalanzir har ya kusa saɓule fata, ya sa farar riga ya tafi ƙauyensu gaisuwa. Mahaifiyarta, Maame Dufie, ta karɓe shi da fara'a, ta kawo ruwa, ta tambayi abin da ke tafe da shi kamar ba ta sani ba. Agya Boadu yana kan kujerarsa a gindin mangwaro, sanda a jingine. Ya tambayi sana'arsa. Da ya ji otomatik, sai ya taɓe baki ya ce wannan ai motar ragwaye ce, motar da ke yi wa direba tunani, batir ya mutu ba a tura ta ta tashi.

Da Oteng ya haɗiye wannan ya yi shiru, da an rabu lafiya. Amma so yana sa mutum garaje.

"Agya, da za ku yarda, da na cire giyabos ɗin Aberewa na sa mata otomatik. Ba kuloci. Ƙafar dama kaɗai ta isa. Da kun koma kan hanya."

Kowa ya kau da kai. A gidan nan ba a ambaton ƙafar, ko Maame Dufie kewaye ta take yi. Tsohon ya ɗauki sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya ce wa matarsa a sallami baƙo, rana tana yi.

To, akwai wani Gyamfi, dillalin kayan mota, mai shago biyu da tumbi ɗaya, wanda ya daɗe yana zarya a gidan. Shi ma Agya Boadu bai ba shi fuska ba, don tsohon duk wanda ya zo sai ya samo masa aibi: wannan gajere ne, wancan dariyarsa ta yi yawa. Da Gyamfi ya ji abin da ya faru, sai ga shi da burodi da madara, ya zauna ya yi ta girgiza kai.

Abin da ya faɗa kuwa, kowane ɗan Magazin zai gaskata. Mu nan aikinmu kullum ɗaya ne: mota ta zo daga waje da otomatik, a cire a sa manuwal. Giyabos ɗin manuwal na tsohuwar a-kori-kura kamar zinariya yake, ana rububinsa. Na otomatik kuwa ga su nan jibge a bayan rumfuna, kaji suna ƙwai a kansu. To wane mai hankali ne zai ce ka ba shi manuwal ya ba ka otomatik? Gyamfi ya ce yaron nan ba Pokuaa yake so ba, cikin Aberewa yake so. Ya ƙara da cewa shi in an ba shi yarinyar, sabuwar mota zai ajiye wa Agya har da direba, ya huta.

Agya Boadu ya ce wa 'yarsa kada ya ƙara jin ta taka Magazin.

Ita ma maganar ta shige ta, don ta san Magazin, ta san abin da ake yi da giyabos. Ta yi ta juya wayar a hannu, daga ƙarshe ta rubuta: "Oteng, don Allah ka faɗa mini gaskiya. In ka cire na Aberewa, ina za ka kai shi?"

Bai ga Majinyaci a saƙon ba. Sunansa ya gani tsirara. Ya karanta ya sake karantawa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya amsa: "Ashe har ke. Na gode, Pokuaa."

Shi ke nan saƙo ya yanke tsakaninsu. Ta rame, shi kuma ya zama abin tsoro a rumfa, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya koma faɗa da sifana.

Maame Dufie ce ta gaji. Ranar wata kasuwa ta hau motar haya ta zo Magazin da kanta, ta riƙe zaninta tana tsallake baƙin mai har ta same shi. Ya ba ta kujera ya tsuguna. Ta ce ita ba ta san giyabos ba, ba ta kuma son sani, amma ta san mijinta.

"Ɗana, ba kai yake ƙi ba. Ko ɗan sarki ne ya zo, korar shi zai yi. Tun Pokuaa tana 'yar mitsitsiya yake ɗora ta a cinya yana tuƙi, yana ce mata ranar aurenta shi zai kai ta gidan miji a cikin Aberewa, da hannunsa. Duk garinmu sun san wannan magana. Yanzu in ya ba da ita, wa zai tuƙa? Zama zai yi a gefe kamar buhun koko, wani yana jan motarsa, 'yarsa a ciki. Gara masa ta tsufa a gida da ya ga wannan ranar."

Oteng ya sunkuyar da kai. Tausayin tsohon ya kama shi, ya kuma ji kunyar yadda ya faɗi maganar ƙafa gatsau a gaban iyalinsa.

Yana da wata tsohuwar a-kori-kura tasa, wadda ya tayar da giyabos ɗin otomatik da ya tsinto a bayan rumfa. Fenti ya gudu, ƙofa ɗaya sai da igiya, amma giyarta tana shiga sumul, ba ka ji. Ranar Lahadi, lokacin da ya san suna coci, ya kai ta ƙofar gidan ya ajiye kusa da Aberewa, ya bar makulli a kan kujera, ya hau motar haya ya koma.

Ya tura saƙo: "Likita, na bar mota a ƙofarku. Kar ki ce masa komai. Kar ki roƙe shi. In ya tambaya, ki ce ƙafar dama ce birki, ita ce totur, ta hagu hutu take. Ban taɓa son komai na Aberewa ba sai direbarta."

Pokuaa ta karanta a bayan ɗaki, ta yi kukanta ta share. Ta rubuta: "Ka yafe mini, Majinyacina. Tsoro ne ya sa ni. Ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son ka ba, shi ya sa na ji tsoron a ce ƙarya ne."

Agya Boadu ya ga mota ya ce a zo a kwashe wannan gwangwanin daga ƙofarsa. Ba wanda ya kwashe. Kwana ya bi kwana, yana wucewa yana harararta. Wata safiya ya ɗan doki tayarta da sanda. Wata safiyar ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon wurin da ya kamata kuloci ya kasance.

Ranar da abin ya faru, Oteng yana ƙarƙashin mota wayarsa ta yi ƙara, saƙon Pokuaa ne.

"Ya shiga. Ya rufe ƙofa. Ni da Maame muna leƙe ta tagar kicin."

Can sai wani: "Ya tayar."

Sannan: "Majinyaci, ya tafi! Ya yi kwana a filin makaranta, yana ta zagayawa, yara suna bin sa a guje. Maame ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ma ban san me nake rubutawa ba."

Oteng ya ɗora wayar a ƙirji, ya yi kwanciyarsa a ƙarƙashin motar mutane. Da abokan aiki suka tambaya, ya ce mai ne ya faɗa masa a ido.

Bayan kwana biyu Magazin ta ga abin kallo. Gwangwanin Oteng ya shigo a hankali, Agya Boadu a kan sitiyari ya sha zanensa na fita, gwiwar hannu a taga irin ta tsofaffin direbobi. Aberewa tana biye, Pokuaa tana ja. Tsohon ya tsaya daidai bakin rumfa, ya sauko da sandarsa, bai amsa gaisuwa ba.

"Kai yaro. Wannan abin da ke cikin taka, akwai irinsa da zai shiga tawa?"

"Akwai, Agya."

"Nawa kuma da za ka cire fa?"

"Naku ne. Ko ƙusa ɗaya ba za ta kwana a nan ba."

Tsohon ya ce za a gani. Ya sa aka kawo masa benci, ya zauna a bakin rumfa, ya ce ba mai taɓa Aberewa a bayan idonsa.

Aikin ba na yini ɗaya ba ne. Kullum Agya Boadu zai tuƙo gwangwanin ya zo ya zauna. A gabansa aka sauke tsohon giyabos, aka cire kuloci da abin takawarsa. Oteng ya buɗe wanda zai saka, ya wanke cikinsa tas, ya canja matatar mai da duk robar da ta bushe. Da ya zo saka tulun ƙarfen nan da ke shiga tsakanin inji da giyabos, sai ya riƙa juya shi a hankali yana turawa, kunnensa a kusa, har ya ji ya zauna daram. Ya ce in bai zauna ba aka ɗaure, tashin farko zai fasa famfon mai. Farfela, sandar ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ta yi tsawo, aka kai aka rage. Ya ja bututu biyu zuwa gaban lagireto don man ya riƙa shan iska, saboda hawan da ke hanyar gonarsu da lodin agada.

Tsohon yana kallo yana gyara masa riƙon sifana, wai ba haka ake yi ba a zamaninsu. Oteng yana cewa to, Agya. Pokuaa kuwa tana kawo abinci, kwano biyu yanzu, tana ajiye na Oteng ba tare da ta kalle shi ba, wai ita kunya. A rana ta uku sai ga Agya Boadu ya tsame naman da ke miyarsa ya jefa a kwanon yaron, yana kallon wani wuri.

Gyamfi ya biyo sau ɗaya, ya tsaya ya yaba tsohon giyabos ɗin da ke gefe, ya tambaya ko na sayarwa ne. Agya Boadu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe kai ne mai son cikin Aberewa."

Gyamfi bai ƙara dawowa ba, ko a Magazin ko a gida.

Da aka gama, Oteng ya tayar da mota ya bar ta ta yi ɗumi, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro ma'aunin mai injin yana aiki, ya nuna wa tsohon. Ja kamar zoɓo. Ya roƙe shi abu biyu: kada a tura ta don ta tashi, kada kuma a ja ta da igiya in ta lalace, a kira shi ko ina ne. Agya Boadu ya ce shi shekara da shekaru a kan gangara yake ajiye mota saboda turi, yanzu yaro zai koya masa. Amma ya saurara.

Ranar ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, dangin Oteng suka zo da kawunsa a gaba. Aka bi mutanen gida da musafaha daga dama zuwa hagu, aka ajiye kwalabe biyu na barasar al'ada, kawu ya ce sun ga wani fure a gidan nan suna so a ba su izinin tsinka. Sai ga samari biyu suna nishi, sun shigo da wani abu lulluɓe da sabon zane, suka dire a gaban mai gida. Aka yaye. Tsohon giyabos ne, an wanke shi yana ƙyalli, kowace ƙusa a ɗaure cikin leda, ga kuloci a gefe. Kusa da shi kuma sabon batir.

"Batir ɗin na mene ne?" in ji tsohon.

"Don ku daina neman gangara, Agya."

Agya Boadu ya yi dariyar da iyalinsa suka manta yana da ita. Aka kira Pokuaa, aka tambaye ta sau uku ko a karɓi kayan mutanen nan. Sau uku tana cewa a karɓa, na ukun ma ba ta bari an gama tambayar ba.

Da safen ɗaurin aure saƙonsa ya riga kowa: "Likita, yau za a sallame ni ko za a riƙe ni?"

Ta amsa: "An riƙe ka. Babu ranar sallama."

Bayan an fito daga coci, motocin 'yan Magazin sun yi layi, kowa yana so amarya ta shiga tasa, har da mai sanyi a ciki. Pokuaa ta wuce su duka da zanenta na kente, ta nufi Aberewa, wadda aka wanke aka ɗaura wa kintinkiri. A madubin ciki an ɗaure wani tsohon ɗankwali mai tabon ja da bai fita ba. Maame Dufie da ƙawayenta suka hau baya suna waƙa. Ango ma baya aka tura shi, ya zauna a kan taya da sabon zanensa, bakinsa har kunne.

Agya Boadu ya miƙa wa matarsa sandar, ya ce ta riƙe, ba ya bukatarta a nan. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya gyara madubi, wannan karon don kansa. Da ya murza makulli, Pokuaa ta ga ƙafarsa ta hagu ta ɗan motsa, tana neman abin da ta saba takawa. Ta ɗora hannu a kan gwiwar.

"Bar ta ta huta, Agya. Ta yi nata."

Tsohon ya zuba wa hanya ido. Idanunsa sun cika, ya ƙi sharewa don hannuwansa biyu suna kan sitiyari. Mota ta ɗaga a hankali, ta canja giya da kanta, bai ko yi mata tsaki ba.

Sai da suka hau kwalta ya yi magana.

"Na ce zan kai ki, ko ban ce ba?"

"Ka ce, Agya."

"To zauna da kyau."

A ƙofar gidan ango ya taka birki, ya kashe mota. Ya kira Oteng ya zagayo ta taga, ya kama hannunsa na dama ya haɗa da na 'yarsa, ya riƙe su tare a kan sitiyarin. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ya sa su tsufa tare kamar shi da Dufie, kada ɗayansu ya kwana da ɓacin ran ɗaya. Ya ce wa Oteng ya kawo masa amanar da ta fi Aberewa, ya riƙe ta yadda ya ga yana riƙe aikinsa.

Muka ce amin, mu da muka cika titi da kayan coci da baƙin farce. Aka shiga da amarya.

Da aka watse, an nemi wanda zai mayar da tsohon gida. Ya ce wa ya gaya musu yana neman direba. Ya buɗe wa Maame Dufie ƙofar gaba, ta shiga ta zauna inda 'yarta ta tashi, ya ja motarsa suka tafi.